Hajjin Ƙasa: Zango, Kallo Da Ranar Arfa

 



An ce in yi magana a kan tafiyar Hajji a ƙasa, irin wadda kakanninmu suka yi. Ni ɗan kasuwa ne, saboda haka ta fuskar lissafi zan ɗauko ta, wato yadda matafiyi zai raba kwanakinsa tsakanin tafiya da kallon abin da ke bisa hanya.

Ga hanyar da aka fi bi. A tashi daga Kano a nufi Borno, a ƙetare zuwa Fallomi, wadda aka sauya wa suna zuwa Njamena a 1973. Daga nan sai Abashe ta ƙasar Wadai, a shiga Sudan ta Junaina, a wuce Fashir da Nahud da Ubayyid, a ƙetare Nilu, har Suwakin a bakin Bahar Maliya. Nan za a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta fiye da kilomita 3,000. Mu ɗauka 3,500 ce, mutum yana cin kilomita 25 kullum. Kwana 140 ke nan, bai cika wata biyar ba. To, me ya sa wasu suke yin shekara uku, wasu bakwai, wasu ma ba su isa ba?

Dalili na farko, kalanda biyu ce ke mulkin hanyar. Akwai ta damina. Tsakanin Borno da Chadi ƙasar laka ce, in ruwa ya sauka jaki ba ya wucewa, dole a jira kaka. Akwai kuma ta Musulunci, wadda shekararta ta gaza ta rana da kamar kwana 11, don haka Hajji yana zagayawa, bana a zafi, wata shekara a sanyi. Madugu na ƙwarai sai ya haɗa biyun kafin ayari ya ɗaura kaya.

Dalili na biyu, guzuri. Yawancinsu talakawa ne, sai an tsaya an yi ƙodago, ko ɗinki, ko noman damina guda, sannan a ƙara gaba. Bayan an buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925, mahajjata da yawa suka tsaya tsinkar auduga. Wannan tsayawa ce ta dole, babu laifi a cikinta. Amma zangon da aka yi niyyar wata biyu yakan koma shekara biyu. An yi aure, an haihu, an kama gona. Garin Mai Wurno da ke kusa da Sinnar ya kafu ne a hannun Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma mahajjata da dama nan tafiyarsu ta tsaya. Mu da muke zaune a Sabo ai mun san yadda zango ke zama gari.

Jama'a, kada a ce na hana kallo. Tafiya mabuɗin ilmi ce. Wanda ya ratsa Wadai da Darfur bai shiga kasuwa ba, bai gai da malamin gari ba, ya yi asara. Sai dai a tafiyar nan akwai rana guda da ba ta jiran kowa, 9 ga Zulhajji. Wanda alfijir ɗin ranar Salla ya keto bai sa ƙafa a Arfa ba, Hajjin bana ya wuce shi, ko da tsakaninsa da wurin zango guda ne. Saboda haka daga Arfa ake ƙirgowa baya. A cire kwanakin tafiya, a cire na jiran jirgi da na ciwo, abin da ya rage shi ne rabon kallo. Kamar jari ne da riba. Ba a cin jari.

Yau hanyar Sudan ba ta biyuwa, tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, kuma Junaina da Fashir na cikin garuruwan da suka fi jin jiki. Saudiyya ma ba ta barin mutum ya yi Hajji ba tare da izini ba. Duk da haka akwai masu zuwa a ƙasa daga wasu ƙasashe. Wani saurayi daga Kerala ta Indiya ya tashi a 2022, ya isa a 2023 bayan fiye da kilomita 8,000, kuma wata da watanni ya yi yana jiran biza a iyakar Pakistan. Da bai bar rarar kwanaki ba, da Hajjin ya kuɓuce masa.

Ku kuma maniyyata, ko da jirgin sama za ku hau, tafiyar ƙasa na jiran ku. Ɗawafi, da Safa da Marwa, da zuwa jifa a Mina, duk da ƙafa ne. A Hajjin 2024 zafi ya haura digiri 50, mutum fiye da 1,300 suka rasu, akasarinsu waɗanda ba su da izini ne, suka yi doguwar tafiya a rana. To, ga shawarata. Hawan dutsen Kogon Hira ba ya cikin ayyukan Hajji, kada dattijo ya ƙarar da gwiwarsa a can kwana biyu kafin Mina. Sayayya a bar ta sai bayan an gama jifa. In Madina aka fara sauka, a ziyarci Ƙuba da Uhudu da sanyin safiya, a huta da rana. In kuma abokan ɗaki sun matsa a je yawo, a tambayi kai tukuna, kwana nawa ya rage, ƙarfi nawa ya rage.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya, Ya jiƙan magabatanmu da suka kwanta a kan hanya. Wassalamu alaikum.