Jawabi Ga Hakimai Da Malamai A Kan Lissafin Ma'aikata

Hakiman Jega da Aliero da Maiyama, da ku malaman ofis. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta soma biyan albashi ta na'ura, a 2014 kuwa aka fito da lambar banki, watau BVN. Da aka gwama su a 2016, sai aka soke sunayen bogi fiye da 23,000. Saboda haka lalle ku rubuta ranar haihuwar kowane ma'aikaci, da ranar kama aikinsa, da inda ya ke aiki. Ta haka za a san mai shirin ritaya, a tanadi magajinsa da wuri, a kuma gane asibitin da ba shi da ungozoma. Abin da alƙalami ya ɓata, na'ura ba ta gyara shi. Allah ya taimake ku.