Daga Wutar Maƙera zuwa Tubalin Garin Ƙarfe

Ƙira ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan, domin an narka tama a Taruga kusan shekara 2,500 da suka wuce. Abin da nake son kafa hujja a kansa yau shi ne, ƙa'ida ɗaya ke tafiyar da taurara bakin fartanya da kuma sabon tubalin da ake haɗawa da garin ƙarfe, wato ratsawa, kuma ita ba ta san gaggawa ba.

Ƙarfe mai laushi, irin na masu walda, ko an gasa shi an tsoma a ruwa ba ya yin tauri sosai, saboda kabon ɗin cikinsa bai taka kara ya karya ba. Amma in aka binne shi cikin garin gawayi da ƙonannen ƙashi, aka rufe da yumɓu, aka riƙe zafi wajen digiri 900, sai kabon ya riƙa kutsawa daga fata zuwa ciki, kamar yadda gishiri ke ratsa nama. Bayan sa'o'i, zurfin bai cika wuce milimita ɗaya ba, kuma mai son ninka shi sai ya ninka lokacin sau huɗu. Wannan 'yar fata ita ke riƙe kaifi, cikin kuma ya zauna da laushinsa, shi ya sa kayan ba ya tsinkewa in ya ci karo da dutse. Wani zai ce wahalar banza ce, tunda sifirin mota na nan da kabon ɗinsa ciki da waje. Gaskiya ne, sai dai sifirin yanzu maƙeri da ɗan jari-bola ke takara a kansa, gawayi da ƙashi kuwa suna bayan gida.

Tubalin kuwa, David Stone ne ya ƙirƙiro shi lokacin da yake karatu a Jami'ar Arizona ta Amurka, ya sa masa suna Ferrock. Ana cuɗa garin ƙarfe da niƙaƙƙen gilashi da ruwa, a tura masa iskar kabon, sai ƙarfen ya rikiɗe ya koma kabonet, ma'adinin da ke ɗaure sauran kayan haɗin. Siminti sai an gasa shi a digiri 1,450, kuma shi ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon ta duniya, wannan kuwa shanye iskar yake yi.

Masu ɗoki na cewa masana'antun siminti na Kalambaina da Obajana sun kusa rufewa. Ban yarda ba. Iskar ma daga waje take shiga, kuma kabonet ɗin da ya fara samuwa yana rage mata hanya, don haka ginshiƙi mai kauri zai iya bushewa a baki cikinsa ɗanye. Sannan baƙin ɓawon da ke zuba gindin uwar maƙera ya riga ya ƙone, ba shi ake nema ba, garin ƙarfe tsantsa ake so, shi kuwa ba ya da yawa. Inda abin zai yi amfani shi ne sirara: tayil, bulon daɓe, murfin kwata.

Ina kira ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da ta gwada hanyoyin biyu, ta kuma gayyaci maƙeran Kankia da Kusada su tsaya kan wutar.