GINI A FILIN WANI: KAFIN KA KWAƁA ƘASA, RUBUTA TAKARDA

Jawabin editan wannan jarida ga ɗaliban ajujuwan yaƙi da jahilci na Birnin Kebbi da Argungu

 

Yau zan yi magana a kan wani abu da ke raba zumunta a garuruwanmu, wato gini a filin da ba naka ba. Kowa ya san yadda abin yake farawa. Mutum yana da kango a bayan katangar gidansa. Maƙwabcinsa ko surukinsa ya zo ya ce, "Ara mini in kafa rumbu." Ya ce, "Je ka kafa, ai duk ɗaya ne." Bana rumbu, baɗi ɗaki, bayan shekara biyar shago da rufin kwano. Ran nan mai fili ya rasu, magada suka zo rabon gado. Sai rigima ta tashi. Mai gini ya ce ɗakinsa ne. Magada su ce filin ubansu ne. To, wa ke da gaskiya?

Da can abin bai cika zafi ba, don fili yana da yawa. Amma tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi ran 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi ya zama babban birnin jiha, ma'aikata suka ƙaru, fili ya yi tsada. Haka nan fadamar Argungu ta yi daraja saboda shinkafa. Kangon da ake aro kyauta jiya, yau kuɗi ne.

Mu fara da dokar gwamnati. A shekarar 1978, zamanin mulkin Janar Obasanjo, aka kafa Dokar Amfani da Ƙasa. Dokar ta ce ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da mutum ke da shi shi ne haƙƙin zama da amfani. A cikin birni gwamna ke ba da takardar wannan haƙƙi. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ke bayarwa. Wanda ya gaji gida ko gona tun kafin dokar, haƙƙinsa yana nan. Amma wanda aka ara wa fili, ginin da ya yi bai mai da shi mai fili ba. A manyan kotuna ma ƙa'idar da aka saba bi ita ce, abin da aka kafa a ƙasa yana bin ƙasa. Wanda ya yi gini a filin wani ba da yardarsa ba yana iya rasa ginin duka.

Sai shari'ar Musulunci. Malamanmu ba su bar wannan magana ba. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanen Shehu Usmanu, ya rubuta littafi a kan mallakar ƙasa mai suna Ta'alimur Radi. Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, kamar Risala da Muhtasar, sun raba masu gini a filin wani kashi uku.

Na farko shi ne wanda ya ƙwace fili da ƙarfi, ko ya shiga ba izini. Shi za a ce ya rushe gininsa ya kwashe. In mai fili ya ga dama, sai ya riƙe ginin, ya biya shi kuɗin kayan a rushe, bayan an cire ladan mai rushewa. Abin da ba shi da amfani bayan rushewa, ba a biyan komai a kansa.

Na biyu shi ne wanda ya sayi fili da zuciya ɗaya, ya yi gini, daga baya mai filin na gaskiya ya bayyana da shaidu. Shi ba a zaluntarsa. Mai fili zai biya shi kuɗin ginin a tsaye. In ya ƙi, mai gini ya biya kuɗin filin. In shi ma ya ƙi, sai su yi tarayya, kowa gwargwadon darajar abinsa.

Na uku shi ne wanda aka ara wa fili, kuma shi ya fi yawa a cikinmu. In an yanka masa lokaci, ba a tashinsa kafin lokacin ya cika. In ba a yanka ba, kuma mai fili ya so tashinsa da wuri, sai ya biya shi abin da ya kashe. Amma in lokacin aro ya ƙare, ko dai ya kwashe kayansa, ko a biya shi kuɗinsu a rushe.

Ku lura da wannan kalma, a rushe. Ɗakin ƙasa in an rushe shi, me ya rage? Azara, da kwano, da ƙofa, da taga. Kuɗin magini da na ruwa da na yaɓe duk sun bi iska. Mutum ya sayar da buhun shinkafa goma ya yi gini, ya tashi da kuɗin buhu biyu.

Wani zai ce, "Ai na shekara ashirin a wurin, ya zama nawa." A'a. Gaskiya ne akwai hukuncin hauzi. Wanda ya riƙe wuri shekara 10 a kan nasa ne, mai wurin yana gari, yana gani, bai yi magana ba, to ba a sauraron ƙararsa daga baya. Amma hauzi ba ya shiga aro, ko haya, ko jingina. Tsakanin 'yan'uwa da surukai ma shekara 10 ba ta isa. Kome daɗewar aro, aro ne.

Akwai kuma maganar diyya. In gwamnati ta karɓi wuri don hanya ko makaranta ko asibiti, dokar 1978 ta ce a biya diyyar gini da amfanin gona da ke wurin. In ba ka da shaidar cewa kai ka yi ginin, kana iya ji kana gani a rubuta sunan wani.

'Yan'uwa mata, wannan magana ta shafe ku ƙwarai. Mace takan sayar da awakinta ko ta kwashi adashi ta gina ɗaki a gidan miji. In aure ya mutu, ko miji ya rasu, sai ɗakin ya shiga gado. Dukiyar mace tata ce a shari'a, amma alƙali shaida yake nema.

To, mene ne magani? Abu biyar ne.

1. Kafin ka kwaɓa ƙasa, tambayi asalin filin. Na wanda ya ba ka ne shi kaɗai, ko na gado ne da ba a raba ba?

2. Ku faɗi sunan abin a fili: kyauta ce, ko aro, ko haya, ko saye?

3. Ku rubuta takarda. A sa iyakar wurin gabas da yamma, kudu da arewa. A sa shekarun da aka yanka. A sa abin da za a yi da ginin in lokaci ya ƙare, ko in ɗayanku ya rasu.

4. A kira shaidu biyu adilai, da mai unguwa ko mai gari. Kowa ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa. In saye ne, a kai wa uban ƙasa da ofishin filaye don a sami yardar hukuma.

5. In aro ne na ɗan lokaci, yi abin da za ka iya ɗauka, kamar rumfa ko bukka. Kada ka zuba siminti.

Na san wasu za su ce kunya ba ta barinsu su nemi takarda wurin ɗan'uwa. Ku tuna, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Takarda ba zargi ba ce. Ita ke tsare zumuntar 'ya'yanku bayan ba ku.

Da can sai ku dangwala yatsa a kan abin da ba ku san shi ba. Yanzu kun iya karatu, kun iya rubutu. Kada ku sa hannu sai kun karanta. Wanda ya riga ya yi gini ba takarda, ya je ya sami mai filin tun yana da rai, su rubuta a wannan mako.

Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya sa albarka a karatunmu. Wassalamu alaikum.