Jarumanmu Su Haɗu a Shafi Ɗaya



A Ingila, marubuci Alan Moore ya tara jaruman tsofaffin littattafai da 'yan leƙen asiri cikin labarin zane guda. Kowa da halinsa: ga mai ƙarfi, ga mai wayo, ga mai fuska biyu.

To, mu fa? Muna da Gandoki, mayaƙin Bello Kagara. Muna da Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja, gwanin makirci. Muna da Gizo, sarkin dabara, wanda yaran Jibiya da na Maraɗi duk suka sani, domin tatsuniya ba ta tsayawa a shingen kwastan.

Matasa masu zane, ku haɗa mana su a shafi ɗaya. Ku haɗa su, yaranmu su san nasu.

Mu kwana lafiya.