WAYAR HANNU DA LAFIYAR GIDA

 

Yau zancenmu a kan wayar hannu ne, wadda ta ke aljihun kusan kowane magidanci. A dā, in ciwo ya kama mutum a ƙauye, sai a ta da yaro ya hau keke ya tafi neman malamin asibiti, kafin ya je ya komo wani lokaci rai ya yi halinsa. Tun da aka soma aiki da wayar salula a Nijeriya cikin shekarar 2001 wannan nisa ya ragu ƙwarai. Amma ku sani waya 'yar aike ce. Abin da aka ba ta shi ta ke kaiwa, ko gaskiya ko ƙarya. Bari in ba ku labarin shekara guda wadda a cikinta ta kai duka biyu.

Ran 20 ga watan Yuli, 2014, wani matafiyi ya sauka a Ikko, watau Legas, daga ƙasar Laberiya, yana ɗauke da cutar Ebola. Wata likita, Dokta Stella Adadevoh, ta hana shi fita daga asibiti, ita ma daga baya cutar ta zama ajalinta. Sai ma'aikatan lafiya suka shiga neman duk wanda ya yi cuɗanya da masu cutar, har suka rubuta kusan mutum 900. Kowannensu sai an duba shi kullum har kwana 21, gama iyakar kwanakin da cutar kan ɓuya a jiki ke nan. Ma'aikaci kan auna zafin jikin mutum, ya shigar a waya, nan da nan labari ya isa ofis. In zafi ya hau, a aiko da mota. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, kuma ran 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cutar ta ƙare a ƙasar nan.

To, a cikin watan Agusta na wannan shekara wani saƙo ya bi wayoyin mutane da dare, wai kowa ya tashi ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma sha, don tsarin Ebola. Ɗan'uwa ya bugo wa ɗan'uwa, kowa da kyakkyawar niyya. Gishiri kuwa ba ya kashe wannan cuta, sai dai ya ta da hawan jini. Aƙalla mutum 2 suka mutu, waɗansu kuma aka kwantar da su asibiti. Kun ga 'yar aike guda, saƙo biyu. Saboda haka ga abubuwa huɗu da na ke so ku riƙe.

Na fari, ku riƙa gwada magani da waya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa cikin 2017 cewa a ƙasashe masu tasowa, cikin kowane magani 10 wajen 1 jabu ne ko marar ƙarfi. Yaro mai zazzaɓin cizon sauro in aka ba shi jabu, iyaye na ganin sun yi magani, alhali kuwa cuta na can tana cin jininsa. Don haka cikin 2010 hukumar NAFDAC ta fito da wata dabara. A jikin kwalin waɗansu magunguna, musamman na zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta, akwai wani ɗan wuri a rufe kamar na katin waya. Ka kankare shi, za ka ga lamba. Ka aika da ita ta saƙon tes zuwa gajeriyar lambar da aka rubuta a kwalin. Ba a biyan ko kwabo. Jim kaɗan amsa za ta zo, ko na gaske ne ko kuwa a yi hattara. Ka yi wannan tun kana tsaye gaban mai kemis. In amsa ba ta yi kyau ba, kada ka ba kowa maganin, ka kai ƙara ofishin hukumar. Amma fa amsar ba ta ce maganin ya dace da ciwonka ba. Wannan sai an gwada jini, gwajin kuwa bai fi minti 20 ba. Ka kuma duba ranar da maganin zai lalace.

Na biyu, maigida wanda matarsa ke da ciki, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun ciki na wata bakwai ka ajiye lamba uku a wayarka: ta unguwarzomar asibitin da ta ke zuwa awo, da ta direba mai mota wanda kuka yi magana da shi, da ta ɗan'uwa wanda zai iya ba da jini. Ka rubuta su kuma a takarda ka ba uwargida ko wani babba a gidan, don wata rana ba ka nan. Kada waya ta kwana ba caji ko ba kuɗi a ciki. In mace ta soma zubar da jini, ko jijjiga, ko naƙuda ta wuce awa 12 ba ta sauka ba, ka bugi direba, sa'an nan ka bugi asibiti su shirya kafin ku iso. Doguwar naƙuda ita ke kawo yoyon fitsari, ita ke kashe ɗa a ciki. Kada a zauna ana ta kiran dangi ana shawara, jini kuwa ba ya jiran shawara.

Na uku, ku ba da labari da wuri. In kun ga mutane da yawa a unguwa guda suna amai da gudawa, ko yara na kamuwa da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ku gaya wa mai unguwa da malamin asibiti, ko ku bugi 6232, lambar hukumar NCDC mai yaƙi da annoba, kyauta ne. Waya ta taimaka haka wajen shan-inna. An riƙa ba masu allurar rigakafi wayoyi masu nuna inda suka taka, da yamma a duba taswira a ga rugar da aka tsallake, a koma mata. Ran 25 ga Agusta, 2020, aka shaida asalin ƙwayar shan-inna ta ƙare a Afirka. Duk da haka akwai sauran wani nau'inta, don haka in masu rigakafi sun yi sallama ku fito da yara.

Na huɗu, kada ku tura saƙon magani wanda ba ku san mafarinsa ba. In ya ce wani abu guda na warkar da kowace cuta, ko ya ce ku bar maganin da likita ya ba ku, ko ya ce ku tura wa mutum goma yanzu yanzu, to, ku tsaya. Ku nuna wa ma'aikacin lafiya tukuna. Wanda ya tura ƙarya ta kashe wani, yana da kamasho a ciki ko da bai nufa ba. Haka kuma kada ku aika wa wanda ba ku sani ba kuɗi don ya ce shi likita ne a waya.

Likita na iya ba ka shawara ta waya, ya tuna maka ranar awo ko lokacin shan magani, wannan duk yana da kyau. Amma ba ya iya taɓa cikin yaro ta waya, ba ya iya ɗiban jini. Zuwa da kai ya fi aike. In ya ce a kawo marar lafiya, a kawo shi ran nan.

Yau da dare, kafin ku kwanta, ku ɗauki wayarku ku shigar da lambobin nan. Wanda bai iya ba, ɗansa ɗan makaranta ya taya shi.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai wani mako, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.