Jawabi Kan Bai Wa Yara Tuƙi



A ƙasar Gana, sai yaro ya cika shekara 18 hukumar DVLA ke ba shi takardar koyon tuƙi, bayan gwajin ido. Tilas ya manna harafin L a mota, mai lasisi kuma yana zaune gefensa. Sai ya ci jarrabawar ƙa'idojin hanya da ta tuƙi kafin ya karɓi lasisi. Na ƙaramar mota ba ya isa a ja tirelar shanu zuwa kasuwar Tulaku. Hawa-hawa ake kaiwa can.

Saboda haka kada ku miƙa wa yaron mota sitiyari don direba ya gaji. In aka yi hatsari, inshora na iya ƙin biya, ga asarar rai, ga ta dukiya.

Allah ya kiyaye hanya. Wassalam.