Tuta: Jawabi Ga Jama'ar Fadan Kaje Da Kewaye

Jama'a, kowace safiya a kan ɗaga tutar Nijeriya a filayen makarantun Fadan Kaje da Zonkwa da Kafanchan, yara su tsaya a gabanta cikin ladabi. Da yawa a cikinsu ba su san asalinta ba. Wani ɗalibi ne, Michael Taiwo Akinkunmi, ya zana ta a 1959 sa'ad da yake karatu a Ingila, aka ba shi ladan fam 100. A zanensa na fari akwai jar rana a tsakiya, amma alƙalan gasar suka cire ta. Ran 1 ga Oktoba 1960 aka sauke tutar Ingila a Ikko, aka ɗaga wannan. Launin tsanwa yana nufin albarkar noma, watau har da citta da acca na wannan yanki. Fari kuwa zaman lafiya ne.

A zamanin da, tuta alamar yaƙi ce, a kan bi ta zuwa fagen daga. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ƙasashe suka nemi wadda za ta tara mutane maimakon ta raba su. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaɓi tata a 1947: shuɗiya ce, da taswirar duniya a tsakanin rassan zaitun biyu. Ran 7 ga Oktoba 1960 Nijeriya ta shiga Majalisar, ita ce ta 99, kuma kafin shekarar ta ƙare sojojinta suna Kwango suna aikin kiyaye zaman lafiya a ƙarƙashin shuɗiyar tutar nan.

Abin lura shi ne yadda a kan jera tutocin ƙasashe 193 a ƙofar Majalisar a birnin New York. Ba a duba arziki ko yawan soja. Bisa jerin haruffan Turanci a ke bi, sandunan kuma tsayinsu ɗaya, ta Amurka ba ta ɗara ta Gambiya ko da taƙi ba. Ta haka ne tutar Nijar ta zo kafaɗa da kafaɗa da ta Nijeriya, kamar yadda Maraɗi take maƙwabtaka da Katsina.

Wannan tsari ba baƙon abu ba ne ga mutanen Kafanchan. Tun da garin ya zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, ma'aikatan reluwe Ibo da Yarabawa suka zo suka zauna tare da Fantsuwam da Bajju da Kagoro da Hausawa da Filani, kasuwa ɗaya, famfo ɗaya. Amma kuma a nan ne rikici ya ɓarke a Kwalejin Ilimi cikin Maris 1987, ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone majami'u da masallatai. A 1992 aka sake zubar da jini a Zangon Kataf. Waɗanda suka kashe juna a lokacin, galibinsu sun taɓa tsayawa gaban tuta ɗaya suna yara, sai dai an koya musu tsayuwar ba a koya musu ma'anarta ba.

Saboda haka ana roƙon malamai su riƙa bayyana wa yara ma'anar launukan nan, su kuma riƙa karɓa-karɓa wajen ɗaga tuta, yau ɗan manomi, gobe ɗan makiyayi. Shugabannin makarantu da ofisoshi kuma su sani doka ta hana ɗaga tutar ƙasa idan ta yage ko ta ƙazantu. Wadda rana da ruwan damina suka cinye, sai a sauke ta a sa sabuwa.